Inna Ba Ta Sa Hannu Ba

Alƙahira, farkon Yuni

Zuwa ga ƙanena Falalu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Shahida da yara, da ɗalibanka na Roni masu taurin kai irin na malaminsu. Ya damina? Na ji an ce ruwa ya sauka har an yi shuka. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai kewa.

Na san za ka ce me ya sami Yaya Batulu take rubutu a takarda tana ɗaukar hoto tana turowa, kamar ba ta da baki. Na gwada aiko maka da murya, ina farawa sai in kasa ƙarasawa in goge. Ka yi haƙuri ka karanta.

Ka san halin da nake ciki, Shahida ta gaya maka. Niyyata da ma in ajiye karatun likitan idon nan in zo gida goyon ciki, kamar yadda kowace mace take yi a cikin fari. Sai likita ta auna ni ta ce jinina ya hau, ta hana ni hawa jirgi har sai na sauka. Ni da nake kafa wa marasa lafiya doka, yau ni aka kafa wa.

Da Goggo Fatu tana da rai da ban dame ka ba. Ita ta riƙe ni a Kazaure tun da aka yaye ni, da yanzu ta ɗaure kayanta tana faɗa da kowa a tasha. Allah ya jiƙanta. Yanzu mutum ɗaya ya rage mini. Falalu, Inna nake so ta zo.

Kar ka yi dariya. Na san Inna. Na san ni ce 'yar fari, na kuma san kunyar gidanmu ta fi ta kowa. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni ce "'yar Kazaure", in an matsa kuma "waccan". In na kira ka kana ƙauye ka miƙa mata waya, "lafiya lau" kawai take cewa ta mayar maka kamar wayar tana ƙona ta. Ku da kuka biyo baya kun hau cinyarta, kun ci ɗumamenta, kun sha dukanta. Ni ko dukan ban samu ba. Ban ce ta yi laifi ba, haka ta tarar ana yi. Amma wallahi ina tsoron haihuwar nan, kuma in na rufe ido ba likita nake gani ba, hannunta nake gani a kan ludayi tana dama fura, ni kuma ina tsaye a bakin zaure kamar baƙuwa.

Abin ba wuya yanzu. Fasfo ba sai an nemi wani babba ya sa baki ba. Akwai shafin gwamnati a intanet, ka shiga ka sa lambarta ta ɗan ƙasa, wadda aka yi musu shekarar da aka zo garinmu Gwiwa da kwamfutoci. Kana gamawa za a ba ku ranar da za ku je Dutse a ɗauki hoto da zanen yatsu. Biza kuma maigidan zai nema daga nan. Naka kawai ka tambaye ta. Ka tambaye ta a hankali, ba a gaban mutane ba. Abin da ta ce ka gaya mini yadda ta faɗa, kar ka sa masa gishiri.

Yayarka,
Batulu

*

Roni, tsakiyar Yuni

Yaya Batulu,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Gero ya fito, gyaɗa ta fito, ciyawa kuma ta fi su fitowa. Shahida tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ki rage maggi. Kin ji masu koya wa likita magani. Ki gaishe da maigidanki Malam Musaddiƙ, ki ce masa mun ji ƙoƙarin da yake yi.

Ranar Asabar na hau babur na tafi gida. Na tarar da Inna tana dakan fura. Na zauna na yi ta hirar banza har matan gidan suka watse, sannan na ce, "Inna, 'yar Kazaure ba za ta iya zuwa gida ba, likita ta hana. Tana so ki je."

Kin ce kar in sa gishiri, to ga shi lami. Daka ta ci gaba da yi. Na zauna, na gaji, na miƙe na ɗauki hulata. Sai ta ce, idonta a cikin turmi, "A can ƙasar ana samun kanwa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ai maijego ba ta yi sai da kunun kanwa."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ke ce mai digiri, ki fassara. Ni dai na karɓi katinta na sa a aljihu, kuma ba ta hana ni ba.

A makarantarmu sabis sai ka hau kan tankin ruwa, don haka na wuce Kazaure shagon abokina Ahmad mai kwamfuta. Ya buɗe shafin, ya ɗaga kai ya ce, "Sunan mahaifiyarka?" Yaya, kin san sai na kasa? Ni da gemuna, ni da nake tsayawa gaban aji ina ihu, na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Katin na miƙa masa. Ya yi ta dariya, ya ce Halimatussa'adiyya da ƙyar ya shiga gidan da aka tanada, saura kaɗan ya zubo. Mu da muka tashi muna jin manya suna cewa Dela, ashe sunan yankan ya fi taɓarya tsawo. Kin ga kunyar ba ta Inna kaɗai ba ce, ta bi jini.

Akwai gurbin da ake sa wanda za a nema in wani abu ya faru. Ke na sa.

Muna gamawa na'ura ta ba mu wata Talata a farkon Yuli. Babu wanda ya ce mu dawo gobe oga ba ya nan. Kawu Haladu, yayan Inna, bai yarda ba har yanzu. Ya ce shi bai taɓa jin inda gwamnati ta sa wa mutum rana ba tare da ya je ya durƙusa ya gaishe ta ba, lallai 'yan damfara ne.

Na yi wa Inna bayani cewa za a ɗauki hoton fuskarta da hoton yatsunta. Sai ta ce, "Waccan za ta gani?" Na ce sosai ma, ai a cikin fasfon za a sa.

Ki kwantar da hankalinki, ki sha maganinki.

Ƙanenki,
Falalu

*

Alƙahira, ƙarshen Yuni

Falalu,

Muna lafiya, jinin yana hawa yana sauka. Na karanta wasiƙarka har na haddace wajen kanwar. Na karanta wa maigidan, ya ce shi bai ga inda ta ce za ta zo ba. Na ce kai ba ɗan gidanmu ba ne.

Ka ce mata babu kanwa a nan, ta taho da ita. Ƙarya nake yi, akwai wani ɗan Babura a bayan masallacin unguwarmu da yake sayar da komai har daddawa. Amma kai dai ka ce mata babu.

Na gyara mata ƙaramin ɗaki. Na sa katifa a ƙasa, don na san ba za ta hau gado a gidan suruki ba. Kullum sai na leƙa ɗakin. Ina ja wa zuciyata kunne kar ta yi saurin murna, ba ta ji. Ranar Talatar kuna fitowa ka sanar da ni.

Batulu

*

Kazaure, ranar Talata

Yaya,

Mun je Dutse mun dawo. Inna ba ta sa hannu ba. Ruwa ya dake mu a hanya, wayata ta jiƙe tana neman mutuwa. Zan yi miki bayani.

Falalu

*

Alƙahira, Laraba

Falalu,

Ina fatan ruwan bai sa muku mura ba.

Ba sai ka yi mini bayani ba, na gane. Ta je har Dutse, ta ga abin da gaske ne, ta ƙi sa hannu. Da ma na sani. Ni ce dai da rashin zuciya na ɗauki maganar kanwa na gina gida a kanta.

Ka tuna bikina? Kai kana ta hidimar kujeru, ba ka lura ba. Da za a kai ni, mata suka ja ni ɗakinta in yi sallama. Na durƙusa ina kuka, ita tana zaune ta ba ni baya tana tsintar wake. Wake, Falalu, ranar da za a kai ni! Kowa ya ce kai, Dela akwai kunya, Dela akwai kawaici, aka yi ta yabonta. Ni kuwa na fito ina tambayar kaina ko kunya ce, ko kuwa babu komai ne a bayan kunyar. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekara da shekaru ina ba ta uzuri, ina cewa akwai so a ciki, an dai rufe shi ne. To wa ya taɓa buɗewa ya gani?

Ban nemi ta kira sunana ba. Ban nemi ta rungume ni ba. Cewa na yi ta zo ta zauna a ɗaki ɗaya da ni, ko bango za ta riƙa kallo, in dai ji tarinta. Wannan ma ya yi yawa.

Kar ka matsa mata. Kar kuma ka turo Kawu Haladu ya yi mata faɗa, ba na son zuwan da aka yi da lallashi. Akwai wata 'yar Sudan a benenmu ta ce za ta riƙa dafa mini ruwan wanka. Allah ya saka mata. Baƙuwa ta ji tausayina.

Ka gaishe ta duk da haka.

Batulu

*

Alƙahira, tsakiyar Yuli

Falalu,

Shiru. Wayarka a kashe. Maigidan ya ce in kira Shahida ko Kawu, na ce ban kira ba. Abin da na ji daga bakinka ya ishe ni, ba sai na ƙara ji daga bakin wani ba.

An kwantar da ni a asibiti, jinin ya ƙi sauka. Sun ce zan zauna har in haihu. Gadon da ke kusa da ni wata yarinya ce, uwarta tana zaune a gefenta tun safe tana ɓare mata lemo tana yi mata faɗa. Ba na jin rabin abin da take cewa, amma na san faɗan uwa ne. Na juya na kalli bango.

Na ce wa maigidan ya naɗe katifar nan ya ɗora a kan kwaba. In ka samu sabis ka shiga shafin ka soke komai.

Batulu

*

Roni, ƙarshen Yuli

Yaya Batulu,

Lafiya muke, kuma ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki da sauƙi. Jiya mai gyara ya ba ni wayata, ina kunnawa wasiƙunki biyu suka faɗo mini a ka. Haba Yaya! Haba! Ke da kike duba idon mutane, layi ɗaya ya gagare ki gani? Ni ma dai da laifina, na rubuta a tsaye a tashar Kazaure ina rawar sanyi. Hannu nake nufi, hannu na jiki mai yatsu biyar, wanda ake ɗorawa a kan gilashin na'ura. Zauna ki ji.

Ranar Talatar da sassafe na je ɗaukar Inna. Na tarar ta shirya tsaf, ta sa atamfar da kika aiko mata da Sallar bara, wadda ta ce ta yi mata kyau da yawa ba za ta sa ba. Hannunta yana cikin mayafi, ban kula ba. Muka isa Dutse, aka duba takardar da muka buga, aka kira mu a kan lokaci. Aka ɗauki hoton fuska lafiya lau. Sai ma'aikaciyar ta ce, "Inna, kawo hannu."

Inna ta fito da hannu. Yaya, lalle! Ba jan nan na 'yan mata ba, ƙunshi na gaske wanda aka kwana da shi aka maimaita, ya yi baƙi ƙirin har kan farce. Ma'aikaciyar ta riƙe baki ta ce, "Inna, biki za ki?" Aka ɗora yatsa, na'ura ta nuna ja. Aka goge, aka sake, ja. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya har na hagu, babu wanda ta karɓa. Matar ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce lallen ya rufe zanen, kuma da ma zanen ya sha taɓarya da fartanya ya kusa shafewa. Sai mu koma, lalle ya fita, hannu ya huta, mu sake neman rana.

Muka hau mota muka juyo. Ni kuwa raina ya ɓaci, da muka sauka Kazaure na ce, "Inna, wa ya ce ki yi ƙunshi?"

Ta ce, "Kai ka ce za a ɗauki hoton yatsu. Ka ce za ta gani."

Na tsaya ina kallon hannun.

Ta ce, "Hannun duk ya faffashe. Na ce kar ta buɗe a cikin mutanen can ta ji kunya."

To kin ji wadda ta ƙi sa hannu.

Bari ki ji sauran. Da na koma ranar Asabar na tarar ta samu lemon tsami da toka da dutsen goge kaushi, tana ta dirzar yatsun nan har fata ta fara saɓulewa. Na ƙwace dutsen na jefa bayan danga. Na ce in ta ƙara, zanen zai tafi gaba ɗaya, tafiya ta fasu. Wannan ce kawai maganar da ta shige ta.

Yanzu ki zo ki ga abin mamaki. Inna tana zaune. Inna! Ba daka, ba wanki, ba tatsa, ba ta taɓa fartanya. Gyaɗarta ta bayan gida matan Kawu ne suke nome mata, tana daga inuwa tana cewa ba haka ake yi ba. Safe da yamma tana shafa man shanu a yatsu, ta ɗora hannuwan a cinya a buɗe kamar mai addu'a. Da rana ta fito sai ta ɗaga su tana dubawa. Mutanen gari sun ɗauka ciwo ne, har ana zuwa dubiya. Ba ta gaya wa kowa dalili ba.

Ban karanta mata wasiƙunki ba, ba kuma zan karanta ba. Ban soke komai ba. Na sake shiga shafin, ranar da ya ba mu ta yi nisa, sai ƙarshen Agusta. Amma Ahmad ya ce in wani ya fasa gurbinsa yana buɗewa, don haka duk lokacin tara kina iya hango ni a kan tankin makaranta ina dubawa, ɗalibai suna ƙasa suna mini dariya.

Ki ce wa Malam Musaddiƙ ya sauko da katifa.

Falalu

*

Alƙahira, farkon Agusta

Falalu,

Jinin ya ɗan sauka yau. Likitar ta tambaye ni me na sha, na ce wasiƙa.

Na yi kuka har uwar yarinyar nan ta taso ta dafa ni tana ba ni lemo. Ban iya yi mata bayani ba. Ta yaya zan ce mata uwata ta yi mini kwalliya ne na'ura ta kore ta?

Ka goge waɗancan biyun daga wayarka. Na rantse maka kunyarsu nake ji. Hannun da take ɓoye mini, Falalu, shi nake gani kullum. Da faso ɗin da komai nake son sa. Ban san ta san ina kallo ba.

Ka ɗaukar mini hotonsu in ta yarda. In ba ta yarda ba ka ɗauka tana kallon wani wuri.

Sun ce ba za su bar ni in kai ƙarshen wata ba, in jinin ya sake hawa za su yi aiki. Na san lissafin bai fita ba, ko an ɗauki yatsun yau sai an buga fasfo, sai an nemi biza. Na haƙura da ta riƙe ni ranar. Amma ta zo. Ko ranar arba'in ce ta zo ta zuba mini ruwa ko kwano ɗaya ne. Ina kewar gida har ƙashina. Ina kewar ƙamshin ƙasa in an yi ruwa, da kukan shanun Kawu in an dawo kiwo, da wadda ban taɓa zama da ita na minti goma ba.

Ka ci gaba da hawa tankin, Allah ya tsare ka da faɗowa.

Batulu

*

Roni, tsakiyar Agusta

Yaya,

Muna lafiya, gero ya yi ciki, kowa yana gaishe ki. Hoto ya gagara, tana ganin na ɗaga waya take tura hannu cikin mayafi.

Albishirinki. Tankin ya biya. Ranar Litinin ina dubawa na ga gurbi ya buɗe na Alhamis, na danna da sauri har na kusa sakin wayar. Jiya muka je.

Matar nan ce dai ta rannan, ta gane mu. Ta kama hannun Inna ta juya shi ta ce, "Ma sha Allah, Inna, kin zama amarya." Hannun ya yi laushi, lallen ya koma can ƙarshen farce. Aka ɗora. Na kasa kallo, sai na kalli silin. Sai na ji matar ta ce, "Ya karɓa." Haka ta yi ta faɗa har aka gama, ƙaramin yatsan hagu ne kawai ya yi gardama, shi ma daga baya ya bi 'yan'uwansa.

Na ɗauka an gama. Sai matar ta juyo da fuskar kwamfutar ta ce dole mai fasfo ta tabbatar da abin da aka cike da bakinta. Ta karanta sunan Inna, ta ce e. Ta karanta garinmu, ta ce e. Sai ta zo gurbin nan da na gaya miki, ta ce, "Wadda aka sa a nema in wani abu ya faru, wace ce? Faɗi sunanta."

Na yi caraf zan amsa. Matar ta ɗaga mini hannu ta ce, "Malam, ba kai ne mai fasfo ba."

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ce, "'Yar Kazaure ce."

Matar ta ce, "Inna, ba haka aka rubuta ba."

Ga layi a bayanmu, ga janareta yana ruri a bakin taga. Na ga leɓen Inna ya motsa. Matar ta kara hannu a kunne ta ce, "Ban ji ba, ɗaga murya."

Yaya, na so a ce kina wurin. Inna ta ɗago kai, ta kalli matar nan ido cikin ido, ta ce da ƙarfi har na bayan layi suka ji, "Batulu. Sunanta Batulu. 'Yata ce, ita ce ta fari."

Matar ta danna abinta ta ce na gaba ya matso. Ita ba ta san me ya faru ba. Ni na fita waje na tsaya bayan wata mota, wai ina neman sabis.

A hanya Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har Kazaure. Da muka sauka ta ce, "Kar ka gaya mata." Na ce to. Ga shi ban gaya miki ba, rubutawa na yi.

Shafin yana nuna inda aikin ya kai. Yanzu ya ce ana bugawa.

Falalu

*

Alƙahira, ƙarshen Agusta

Falalu,

Maigidan ya riga ya kira ku, kun ji an yi aiki, an samu mace, duk muna lafiya. Wannan tawa ce, ina rubutawa a kishingiɗe, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Wasiƙarka tana cikin wayata a ƙarƙashin matashi lokacin da aka tura ni ɗakin aiki. Ina ta maimaita maganar a raina, yadda ka rubuta ta, har allura ta ɗauke ni. Ba ta zo ba, amma ban shiga ni kaɗai ba.

An raɗa suna jiya. Na roƙi maigidan, bai musa ba. Sunan Inna aka sa, cikakkensa, mai tsawon taɓarya. Shi ya shiga shafin ofishin jakadanci ya yi mata rajista, ya ce a nan ma da ƙyar ya shiga gurbin.

Ga abin da zai ba ka dariya. Da safe 'yar Sudan ɗin nan ta shigo barka, ta ɗauki yarinyar ta ce, "Ya sunanta?" Na buɗe baki. Falalu, ya ƙi fita. Sunan uwata ne, kuma 'yar fari ce. Ina kallon fuskarta, ƙirjina kamar zai tsage don so, harshena kuma ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Sai na ji kaina ina cewa, "Tambayi babanta."

Na daɗe ina tambaya ko akwai wani abu a bayan shirun. Yanzu ina cikinsa.

Bayan fasfo, bizar ma ta fito, maigidan ya turo maka. Katifa tana ƙasa.

Batulu

*

Kano, filin jirgi, Satumba

Yaya,

Muna lafiya. Ya jego, ya takwarar Inna? Wannan gajeriya ce, amma na karanta ta sau biyu kafin in turo, kar a sake yin irin ta rannan.

Inna ta shiga. Na haɗa ta da wata Hajiya 'yar Babura da za ta asibiti a can, za su sauka tare. A jakarta akwai kanwa da ta isa unguwa guda, da gero, da kayan yaji, da wani ƙullin saiwoyi da ban san yadda aka yi ma'aikata suka bar shi ya wuce ba. Kawu Haladu ya rako mu. Ya jujjuya fasfon ya ce to, wannan karon dai 'yan damfarar sun cika alkawari.

Tun a gida na ja mata kunne cewa a filin jirgi ma akwai na'urar yatsu, nan da can, kar a kuskura a taɓa lalle. Ta ce ta ji. Yau muna kan layi na ga hannu a cikin mayafi, gabana ya faɗi. Na ce, "Inna, mu gani."

Ta fito da su. Ta yi ƙunshi, Yaya. Tafin hannu da bayansa har wuyan hannu, ja wur, ya kama da kyau. Amma kan yatsun goma ta naɗe su da tsumma kafin ta ƙunsa, sun fito fari tas.

Na ce, "Wannan kuma wane irin ƙunshi ne?"

Ta nuna kan yatsun ta ce, "Waɗannan na gwamnati ne." Sai ta buɗe tafin ta ce, "Wannan na Batulu."

Ba wanda ya tambaye ta suna, ba wanda ya ce ta ɗaga murya. Ta ɗauki jakarta ta bi layi, ba ta waiwayo ba.

Ki sa a ɗora ruwa a wuta.

Ƙanenki,
Falalu